Maƙabartar Kan Tudu Da Hanyar Jirgin Bututu

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na zauna wurin mai shayi na bakin kamfaninmu a Challawa, inda har yanzu muke taruwa duk da an garƙame ƙofar, sai wani ya ce, "Foman, wai yaya tafiyar nan ta kasance ne?" In na fito daga masallaci a Zawaciki, a tare ni da tambayar. Kullum amsata ɗaya ce: "Tafiya lafiya, sai zafi." Ba ƙarya na yi ba, an sha zafi. Amma akwai abin da na bari a ciki, ya kuma ƙi kwanciya, shi ya sa na ɗauki biro. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, don bakina ba zai iya faɗarsa a gabanku ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, aikina walda. Na haura shekara ashirin ina haɗa tankuna da manyan bututai a wani kamfani a Challawa, har aka ba ni foman. Kowa ya san abin da ya sami masana'antunmu. Wuta ba ta zuwa, man janareta ya fi ƙarfin mai kamfani, aka fara sallamar mutane da cewa "sai an neme ku". Mu da muka rage muna zuwa ne mu share injina, mu shaƙi warin majema, mu koma gida.

Ana cikin haka Alhaji mai kamfani ya kira ni ofishinsa na Bompai. Na tarar da wata mata da kwamfuta a gabanta, aka ce Injiniya Hadiza ce, 'yar Hotoro, ta yi karatun gina hanyoyi a waje. Ita ta yi mini bayani. Wasu masu zuba jari ne suke son a duba ko za a iya shimfiɗa jirgin bututu daga Kano zuwa Damagaram. Bututu ne ƙato a kan ginshiƙai, a zuƙe iskar cikinsa, a sa tarago ya riƙa gudu a ciki kamar jirgin sama. Na yi dariya, na ce mu da ko fanka ba ta juya mana. Ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Baba Habu, abu biyu ne dokarsa. Ba ya son kwana, sai dai a miƙe. Kuma ginshiƙi ba ya motsi. In ɗaya ya nutse ko da faɗin yatsa ne, kun fi ni sanin abin da zai sami ɗinkin walda."

Na sani kuwa. Ɗinki zai buɗe, iska ta afka, mutanen ciki sai dai a yi musu addu'a.

Sai Alhaji ya faɗi abin da ya sa na daina dariya. In rahoto ya ce hanya ta yi, za a fara da ɗan yanki na gwaji. Wani kamfani a Sharada zai yanka ƙarfe, mu mu naɗe shi mu ɗinke, kuma duk wanda aka sallama za a dawo da shi. In rahoto ya ce ba ta yi ba, shi kam ya gaji, zai rufe. Aikina a tafiyar shi ne in duba yadda zafi zai yi da ƙarfe, kuma in riƙa tambayar dattawan ƙauyuka tarihin ƙasarsu, tun da furfura ta fi saurin samun amsa.

Mu huɗu muka tafi: Injiniya, da ni, da Sale direba, da Mamman. Mamman shi ne mai injin naɗe ƙarfe a wurinmu, mutumin wani ƙauye ne a gaba da Matamaye, mun yi shekara goma sha bakwai muna aiki kafaɗa da kafaɗa. Tsakanin Bakano da Badamagare akwai wasa, ni da shi kuwa mun riƙe shi da kyau. Ranar tashi ma'aikata suka yi mana rakiya har bakin titi kamar masu tafiya Hajji. Ɗanladi mai fenti ya riƙe hannuna ya ce, "Foman, ko ta cikin wuta hanyar nan ta bi, ka ce ta yi." Aka yi dariya, amma idonsa ba na mai wasa ba ne.

Tsakiyar bazara ce. Ba kwalta muke bi ba, wani jan layi muke bi da ke cikin kwamfutar Injiniya, shi kuwa layin ba ruwansa da gona ko shinge. Mu tsaya, ta kafa na'urar awo mai ƙafa uku, ni da Mamman mu buga turke mai jan fenti, mu yi gaba. A wani ƙauye kafin Kazaure mun buga turke da hantsi, da muka dawo ɗaukar gudumar da na manta sai muka tarar an ɗaure akuya a jikinsa. Mai akuyar ya yi mana godiya sosai, ya ce da ma igiyarsa ba ta da maɗauri. Duwatsun Kazaure kuwa, da na zata za su zama matsala, Injiniya murna ta yi da su, ta ce ginshiƙi ba ya samun wurin zama kamar dutse. Ni kuma na shanya wani guntun ƙarfe a rana, na auna shi da safe na sake aunawa da azahar, na ga yadda ya miƙe. Na rubuta mata, ta ce wannan akwai maganinsa. Masaukinmu a can ɗaki ne mai fanka ba wuta, kamar dai ban bar gida ba.

Wajen Daura muka haɗu da kwazazzabo. Wani manomi ya nuna mana ramin, zurfinsa ya fi tsayin soro, ya ce lokacin da yake yaro tsallake shi yake yi da ƙafa ɗaya, yanzu ya cinye rabin gonar ubansa. Injiniya ta zauna a inuwar mota da kwamfuta a cinya har la'asar. Don a kauce wa ramin nan kaɗai sai da ta karkata layin tun daga can baya, turakun da muka buga na yini biyu suka tashi a banza. Da ta gama ta kira mu ta nuna mana taswira.

Ta ce, "Wannan ita ce karkata ta ƙarshe da layin zai iya ɗauka. Bayan iyaka, yamma rairayi ne mai tafiya, gabas kuma kwazazzabai. Wuri ɗaya ya rage mana, wannan filin da ke tsakiya. In shi ma ya ƙi, mun gama."

Mamman ya leƙa, ya ɗora yatsa a gefen filin ya ce, "Nan ne garinmu." Na ce to lallai mun shiga uku, tun da arzikin Kanawa ya koma hannun Damagarawa. Ya yi murmushi, bai rama ba. Da na lura a lokacin, da na san ba halinsa ba ne barin bashin wasa.

A iyakar Kongolam ni na ja mana jinkiri. Takarduna suna cikin jaka, jakar kuma Sale ya ɗaure ta a ƙarƙashin damin turaku gaba ɗaya. Sai da muka sauke su ɗaya bayan ɗaya a rana tsaka, masu wucewa suna tambaya ko itacen sayarwa ne. Ma'aikacin da ya duba na'urarmu ya nemi a gaya masa amfaninta, Injiniya ta yi masa bayani. Ya ce, "Kano zuwa Damagaram kafin shayi ya huce? To Allah ya nuna mana." Ya buga hatimi, muka wuce.

Da tsallakawa sai na ga Hausa ce dai, amma an canza mata riga. Fura ta zama hura, lafiya ta zama lahiya, makaranta lakwal. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙori. Gaisuwarsu kuwa, in Bakano ya tsaya ya bi ta har ƙarshe, kasuwa za ta tashi bai buɗe shago ba. Shayi sau uku ake zubawa a ɗan mitsitsin kofi, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Na ci kwaɗon zogale da suke kira kopto, ya yi mini daɗi. Ruwan wata rijiya mai kanwa kuma ya ɓata wa Sale ciki, ya yi kwana uku yana tuƙi yana neman bayan bishiya. Sau biyu mota ta kafe a rairayi. Mutane suka fito daga inda ban ga gida ba, suka tura, suka juya tun ban gama godiya ba. A Kano da an tsaya ana jiran na goro.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen su Mamman ba, don sun karɓe mu da mutunci. Yayansa ya ba ni ɗakinsa, aka shigar da Injiniya cikin gida wurin mata, aka yanka mana ɗan akuya a garin da na ga alamar su kansu ba su cika ganin nama ba. Rabin samarin garin suna Kano ko sun bi hanyar arewa neman aiki. Tsofaffi da mata ne suka rage, da rumbunan da suka kusa ƙarewa.

Washegari muka je gaban Maigari, dattawa sun cika zaure. Injiniya ta durƙusa ta yi gaisuwa, sannan ta ce in yi tambayar. Na ce, "Ranka ya daɗe, filin nan na gabas da gari, ruwa yana kwanciya a cikinsa da damina?"

Maigari ya ce, "Malam, mu nan ruwa roƙonsa muke yi. Ka dubi gonakinmu."

Dattawa suka gyaɗa kai. Muka fita filin, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, ba gida ba bishiya sai kalgo jefi-jefi. Injiniya ta gwada ƙasar, ta same ta da ƙarfi. Ta ce hotunan sama na shekarun baya da ta duba ba su nuna ruwa a wurin ba. Ranar na fara ganin haƙoranta. Ni kuwa daɗi ya ɗebe ni, na hau wani tudu inda waya take kamawa, na kira Ɗanladi na ce ya gaya wa jama'a su fara wanke kayan aiki. Ina jin ihunsu ta cikin waya. Wannan kiran yana cikin abubuwan da nake nadama.

Kwana biyu muna buga turaku a filin. A rana ta uku da sassafe aka yi rasuwa, wata tsohuwa a maƙwabtan su Mamman. Baƙo ba ya zama a ɗaki ana jana'iza a garin da ya ci abinci, sai na yi alwala na fita. Sale yana kwance da cikinsa. Injiniya kuma ta shiga wurin mata zaman makoki, tun da mace ba ta bin gawa maƙabarta, can da nan duk ɗaya ne.

Aka yi salla a ƙofar gida, aka ɗauki makara. Na zata bayan gari za a zagaya, sai na ga an miƙi gabas. Muka ratsa filin nan gaba ɗaya, muna wuce turakunmu, ana karɓa-karɓa. Na sa kafaɗa sau uku. Rana ta ɗaga, ƙafata ta fara ciwo, ga wuri fetal ko'ina amma ba wanda ya tsaya. Sai da muka ƙure filin muka kama hawan wani tudu mai marmara, can a ƙololuwa maƙabartar take. Muka tarar ba a ma gama haƙa kabarin ba. Mutum uku suna sara da diga, tana tartsatsi a kan dutse, wani tsoho mai rawani yana tsaye a kansu yana nuna musu inda za su sara.

Bakina ne ya ja. Na matsa kusa da tsohon, na sassauta murya na ce, "Baba, ku Damagarawa ba kwa son sauƙi. Ga ƙasa mai laushi can kun baro, kun zo kuna kokawa da dutse."

Masu haƙa suka tsaya. Na ga yayan Mamman ya sunkuyar da kai. Tsohon ya dube ni, ya dubi makarar da ke ajiye a gefe, ya ce, "An ce kada mu yi maganar. Amma nan ba wurin ɓoye gaskiya ba ne, ga inda za mu duka."

Ya nuna filin da sandarsa. Ya ce tsohuwar maƙabartarsu can take, daidai inda muka kafa jajayen itatuwanmu. Ruwan da yake zuwa wurin ba na samansu ba ne. Can arewa ake yin sa a kan duwatsu, su nan rana tana haske, sai dai su ji ƙugi. Sau biyu ya gani a rayuwarsa, na farko yana saurayi. Na biyun shi ne ya tone maƙabartar. Kwana uku suna bin gindin kalgo suna tsintar iyayensu, suna haɗawa a buhu, ba a san na wane da na wane ba. Bayan shekara biyu iska ta kawo rairayi ta rufe wurin, ya koma sumul kamar ba a taɓa yi ba.

Ya ce, "Tambayi Mamman. Ubansa bai yi wata biyu a ƙasa ba lokacin. Shi ya gane shi."

Ban tambaye shi ba. Aka sa tsohuwa a makwancinta, aka jera itace, aka rufe, aka yi addu'a. Hannuna yana zuba ƙasa amma hankalina yana kan ginshiƙan da za a kafa a inda ruwa ya taɓa tone kabari.

A hanyar dawowa Mamman ya rage tafiya har jama'a suka yi mana nisa. Shi ya fara magana. Ya ce tun daga Daura, da ya ga taswira, ya kira yayansa ya ce a roƙi dattawa kada kowa ya ɗauko zancen. Ba su yi ƙarya ba, sun dai amsa abin da ba a tambaya ba.

Ya ce, "Foman, Injiniya ba ta zuwa maƙabarta. Sale yana kwance. A cikinmu huɗu, daga ni sai kai muka ji."

Na ce, "Mamman, mutane za a zuba a cikin abin nan."

Ya ce, "Yaushe? Gwaji za a fara, ba kowa a ciki. Kai ka san ƙila ma ba za a taɓa gama shi ba. Amma kafin a gane, mun samu aikin shekara biyu ko uku. Ruwan nan sau biyu ya zo a rayuwar tsoho mai shekara tamanin. Yunwa kuwa kullum tana zuwa. Ɗanladi ya cire 'ya'yansa daga makaranta, ka sani. Isa mai gadi ya sayar da kekensa. Nan garin ma ka gani da idonka, in aka fara aiki samarinmu za su dawo gida. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Foman. Don Allah."

Tunda nake da shi bai taɓa roƙona komai ba, ko aron guduma. Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba, irin amsar da Maigari ya ba mu.

Muka ƙarasa awo har Damagaram. Ku da kuke tambayata yadda birnin yake, ku yi haƙuri, ban gan shi sosai ba. Na san akwai manyan duwatsu a tsakiyar gari da tsofaffin gidaje masu zane a bango, na san an kawo mana kilishi da kowa yake yabo, ni kuwa kamar takarda nake taunawa. Kwana biyu ina lissafi da zuciyata. In na tuna idon Ɗanladi sai in ce shiru ya fi. In na tuna ƙugin da tsohon nan ya kwatanta sai in ce magana ta fi. Na tsani kaina a kwanakin nan, na kuma ji haushin tsohon, na ji haushin bakina da ya kasa barin wasa ko a gaban gawa.

A hanyar komowa muka yada zango a Matamaye don sallar azahar. Sale da Mamman suka tafi neman mai. Injiniya ta zauna a benci a gindin wata dalbejiya, ta miƙo mini takarda da biro.

Ta ce, "Baba Habu, ga ɓangarenku. Na rubuta cewa kun tambayi dattawa a kowane zango, kuma a filin nan ba tarihin ambaliya. Ku sa hannu a ƙasa."

Na riƙe biron. A aikinmu, in ka gama ɗinke tanki kana rubuta sunanka da alli a gefen ɗinkin, don in ya yi yoyo a san wanda za a nema. Ban taɓa rubuta sunana a ɗinkin da na san akwai rami a cikinsa ba, ko ranar da nake gaggawa. Ba jarumta ce ta kama ni ba, hannun ne kawai ya ƙi tafiya. Na ajiye biron na ce, "Injiniya, akwai abin da na gani a maƙabarta." Na faɗa mata duka, ban rage komai ba sai kiran da Mamman ya yi wa yayansa.

Ta karɓi takardar ta ninke. Sannan ta ce, "Kun san abin da wannan yake nufi?" Na ce na sani. Ta ce ita ma shekara biyu ta yi tana zana layin nan, ta share ido da gefen mayafinta. Da su Mamman suka dawo ta ce wa Sale ya juya mota, akwai awon da ta manta. Mamman ya dube ni sau ɗaya, ya shiga mota.

Maganar tsoho ba ta isa shiga rahoto ba, sai an ga shaida. Ta zaɓi wuri a tsakiyar filin ta ce a haƙa rami ya wuce tsayin mutum. Mutanen gari suka fito suka tsaya daga nesa. Irin mutanen da suka tura mana mota ba a roƙe su ba, yau ba wanda ya matso. Na kama shebur ni kaɗai, ga shekaru ga rana. Ban kai gwiwa ba numfashina ya fara sarƙewa. Sai na ji an zare shebur ɗin daga hannuna. Mamman ne. Ya tuɓe riga ya shiga ramin, ya yi ta haƙa kamar mai faɗa da ƙasar. Da ya kai ƙirji sai shebur ya fara fito da tsakuwa mai santsi irin ta gindin rafi, da laka baƙa, da ɓawon katantanwa. Ya ɗebo da hannu biyu ya zube a gaban Injiniya. Ta ɗauki hoto, ta zuba a leda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, muna shirin tafiya sai ga matar yayansa ta aiko mana da ƙwaryar hura mai sanyi, kamar ba mu ne muka zo muka kashe musu fata ba. Na sha don kada in ƙara laifi a kan laifi.

Daga nan muka kamo hanyar Kano. Rahoto ya tafi. Masu jari ba su yi faɗa ba, wasiƙa suka aiko ta godiya, suka ce za su duba wata ƙasar. Bayan mako uku Alhaji ya tara mu, ya nemi gafara, aka sa kwaɗo a ƙofa.

Sauran kun fi ni sani. Sale bai ji abin da aka yi a gindin dalbejiya ba, abin da ya gani kawai ya faɗa: an koma ƙauyen Mamman, kuma Mamman ne ya haƙa ramin da hannunsa. Daga nan zance ya tashi cewa Mamman ne ya tona, wai ba ya son bututu ya bi ta gonakin danginsa. Na ji ana ce masa ɗan baƙin ciki. Na ga an daina matsa masa a benci. Na ji Ɗanladi ya ce masa, "Ka ci amanar gishirin Kano." Ina zaune a wurin duk lokacin, na sa ido a ƙasa. Mamman bai taɓa kallon inda nake ba, balle ya nuna ni.

Da ya ga ba aiki ba mutunci, ya ɗaure katifarsa zai koma gida. Ni kaɗai na raka shi tasha. Muna jiran mota ta cika na ce masa zan faɗa muku gaskiya. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Bari. Ni tafiya zan yi, kai ne za ka zauna da su, kai ne mai iyali a nan. Ban huce da kai ba, Foman, kada ka zata na huce. Amma da ka sa hannu a takardar nan, da ban ƙara yarda da ɗinkinka ba." Ya shiga mota, bai ɗago hannu ba.

Sau biyu ke nan yana roƙona in yi shiru, sau biyu ina kasawa. To ku ji: ba Mamman ba ne. Shi ya yi iya ƙoƙarinsa ya rufe, saboda ku, har da kabarin ubansa a ciki. Ni ne na faɗa wa Injiniya. Duk abin da kuka gaya masa nawa ne, ku kawo mini, shi kuma ku nemi lambar yayansa ku roƙe shi gafara. In an sake miƙo mini takardar nan yau, ba zan sa hannu ba, amma kada wani ya zata ina barci mai daɗi.

Bayan kaka na kira ƙauyen don in ji lafiyarsu. Mamman ba ya kusa, yayansa ne ya ɗauka. Muka yi doguwar gaisuwarsu har ƙarshe, sannan na tambaye shi filin. Ya ce damina ta zo ta wuce lafiya, ko ɗigon ruwa bai kwanta a wurin ba.